ANNOBA: ƘADDARA BA MAFAKAR MASU SAKACI BA CE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani, Ya hore wa ɗan Adam hankali domin ya nemi abin da zai amfane shi, ya guje wa abin da zai cutar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa muna so mu yi magana ne a kan wata kalma guda ɗaya, wadda aka ɗauko ta daga mazauninta mai daraja a cikin shikashikan imani, aka mayar da ita bargon rufe ɓarna. Kalmar kuwa ita ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma duk wanda ya ƙaryata ta ba ya tare da mu. Amma lokaci ya yi da za a gaya wa masu mulki da waɗanda ake mulka gaskiya, cewa yin imani da ƙaddara daban, fakewa da ita daban.

Duk wanda ya san ƙasar Miga ya san cewa damina takan zo mana da fuska biyu. Kogin Haɗeja, wanda albarkarsa ce ta sa muke noma shinkafa muna kamun kifi, shi ne kuma idan ya cika ya batse a watan Agusta ko Satumba, ga ciyawar kachala ta toshe masa hanya, sai ya fasa ya shigo gonaki da gidaje. Ya rushe katangun ƙasa, ya cika masai, ya kwashe abin da ke ciki ya juye a rijiyar da ake sha. Ba a jimawa sai amai da gudawa su biyo baya. Yaron da ya ci tuwonsa da dare lafiya lau, kafin hantsi idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yamushe, an ɗora shi a kan babur ko amalanke ana neman hanyar Jahun, hanyar ma ruwa ya cinye ta. Sau da yawa sai dai a juyo da gawa. A wajen ta'aziyya a ce ƙaddara ce. Bayan mako biyu jami'ai su iso da buhunan hatsi da tabarmi da masu ɗaukar hoto, su ma su ce ƙaddara ce. Baɗi war haka a sake maimaitawa, rijiyar tana nan a inda take, masan yana nan a inda yake.

To, jama'a, abin da ya faru bara, ya faru bana, kuma kowa ya san watan da zai faru baɗi, ya halatta a ce ya zo mana ba zato ba tsammani?

ANNOBAR MANYA DA ANNOBAR TALAKAWA

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da cutar korona Nijeriya, a Legas. Cikin 'yan makonni muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Aka kafa kwamitin fadar Shugaban Ƙasa, aka rufe filayen jiragen sama da makarantu, aka ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris, aka kulle Kano a watan Afrilu, a nan Jigawa ma aka kulle wasu garuruwa. Kullum dare hukumar NCDC tana fitar da lissafin waɗanda suka kamu jiha-jiha. Attajirai da bankuna suka tara biliyoyin naira. Aka buɗe wuraren gwaji da na killace majinyata cikin hanzarin da ba mu san gwamnati tana da shi ba.

Ba muna cewa korona ƙarya ba ce, kamar yadda wasu suka riƙa yaɗawa a majalisu da wayoyi. Maƙabartun Kano sun ƙaryata su. Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yunin 2020 cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a cikin birnin Kano a 'yan makonnin nan, kuma mai yiwuwa ne fiye da rabinsu korona ce sanadi. Cikinsu akwai malamai da dattawa waɗanda har yau ba a cike gurbinsu ba. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da muke tambaya shi ne, ina wannan hanzari ya shiga a shekarar da ta biyo baya? A 2021 kwalara ta ɓarke a ƙasar nan. Lissafin hukumar NCDC da kanta ya nuna mutum fiye da 111,000 ne ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa tana sahun gaba tare da Bauchi da Kano da Zamfara. A lura da kyau: waɗanda hukuma ta lissafa cewa korona ta kashe a Nijeriya tun daga farkonta har ta lafa ba su kai 3,200 ba. Ashe kwalara a shekara ɗaya tak ta ɗauki rayukan da suka haura haka. Shin wa ya ji an kafa kwamitin fadar Shugaban Ƙasa saboda ita? Wa ya ga attajirai suna layi a talabijin suna miƙa gudummawa? Wa ya ji ana karanta adadin mamatan Jigawa kullum dare?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Korona ta jirgin sama ta shigo, ta fara da masu hawa jirgin sama. Ta shiga fadar Shugaban Ƙasa, ta yi sanadin rasuwar Shugaban Ma'aikatan fadar, Malam Abba Kyari, a watan Afrilun 2020, Allah Ya gafarta masa. Ta kama gwamnoni. Ta zo kuma a lokacin da Jamus da Dubai suka rufe ƙofofinsu, babu inda babban mutum zai gudu neman magani. Ita kuwa kwalara ta san gidan da take shiga. Ba ta hawa bene, ba ta shiga gidan da ake shan ruwan gora. Cutar mai shan ruwan kududdufi ce, shi ya sa ba ta da mai yi mata shela.

Abin takaicin shi ne, a cikin manyan cututtuka da wuya a sami mai sauƙin tarewa kamar kwalara. Tun a 1854 wani likita a Landan mai suna John Snow ya bi diddigin mamatan wata unguwa, ya gano cewa daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Garuruwan da suka raba ruwan sha da bayan gida sun yi ban kwana da ita tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Wanda ya kamu kuma, abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma likitoci sun tabbatar cewa idan aka mayar masa da ruwan a kan lokaci, waɗanda za su mutu ba za su kai ɗaya cikin ɗari ba. A 2021 namu ya haura uku cikin ɗari. Wannan tazara da ke tsakanin ɗaya da uku, ita ce nisan hanya, da ɗakin shan magani da aka tarar a kulle, da ledar ƙarin ruwa da babu.

SHUGABAN DA YA FAKE DA ƘADDARA

A tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa maso Yamma, mutum fiye da 14,000 aka yi zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara ce ta fi jin jiki. Gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa azaba ce daga Allah saboda zunuban mutane. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito a bainar jama'a a Kaduna ya yi tir da wannan magana, ya nuna cewa abin da ake bukata shi ne a nemo allurar rigakafi.

Mu ba mu musun cewa saɓon Allah yana jawo musiba. Wannan karatunmu ne, kullum shi muke yi a kan mumbari. Amma idan za a lissafa zunubai, to a lissafa su duka. Cin amanar dukiyar jama'a zunubi ne. Karɓar kuɗin gina rijiyar burtsatse a haƙa rabi a gudu zunubi ne. Ɗaukar albashin aikin asibitin ƙauye alhali mutum yana zaune a birni zunubi ne. Jaririn da ya sanƙare a bayan mahaifiyarsa, wanda ko alƙalami bai hau kansa ba, wane zunubi ya yi? Shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayin da kura ta cinye masa tumaki yana barci a gindin bishiya, ba ya tashi ya yi wa tumakin wa'azi.

Mu koma ga magabata mu ga yadda suka fahimci al'amarin. A wajen shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai kwamandoji suka tarye shi da labari. Ya tara Muhajirai ya yi shawara, ya tara Ansaru, ya tara dattawan Ƙuraishawa, daga ƙarshe ya yanke hukuncin komawa Madina da jama'arsa. Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A.) ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kora raƙumansa, cikin ƙaddarar Allah ya kora su, don haka mai hankali gefen ciyawa zai nufa. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya iso ya sanar da su hukuncin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W.), wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Wannan ƙissa tana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Annobar ta ɗauki Abu Ubaida, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal (R.A.), kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi (R.A.), sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu su daina cunkoso, har Allah Ya ɗauke ta.

Wa ya fi Umar imani da ƙaddara a cikin gwamnoninmu? Amma ga shi ya yi shawara, ya auna, ya ɗauki mataki.

Yanzu a gwada wannan da abin da aka yi wa almajirai a 2020. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya mayar da almajirai jiharsu ta asali, ana tsakiyar annoba. Aka riƙa cusa yara ƙanana a manyan motoci kamar buhuna, daga Kano zuwa Jigawa da Kaduna da Bauchi, daga wannan jiha zuwa waccan, kuma da aka gwada su a inda aka sauke su sai aka sami da yawa suna ɗauke da cutar. Hukuncin Manzon Allah (S.A.W.) ya ce na ciki kada ya fita, likitoci ma abin da suka ce ke nan, amma hukuma da kanta ta zama mai jigilar cuta daga birni zuwa ƙauye. Gyaran karatun allo wajibi ne, mun daɗe muna faɗa. Sai dai wanda ya yi shekara da shekaru bai waiwayi yaran nan ba, ranar da ya tuna da su ita ce ranar da ya ji tsoron su shafa masa cuta.

Haka kuma aka kulle mutane a gida ba tare da abinci ba, alhali mafi yawanmu sai an fita ake samun na cefane. A shekarar yunwa da aka yi a Madina, Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun ƙoshi, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci. Mu kuwa sai a watan Oktoban 2020, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa, aka ga kayan tallafin korona jibge har rufi, watanni bayan an buɗe gari. Ba mu goyon bayan wawaso, haramun ne. Amma wanda ya ga wannan da idonsa, yaya za a yi gobe ya gaskata hukuma idan ta ce masa ya miƙo hannu a yi masa allura don amfanin kansa?

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, mafi yawan shekaru abin da take warewa bai kai rabin haka ba. Wannan ma ƙaddara ce?

MASU CEWA MAKIRCI NE

Yanzu bari mu juyo gida, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai 'yan'uwanmu, wasunsu ma masu hawa mumbari ne, waɗanda da zarar an ambaci rigakafi sai su ce makircin Yahudu da Nasara ne don a hana Musulmi haihuwa. Adalci ne mu fara da cewa tsoron nasu yana da asali.

A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 109,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazanmu zuwa aikin Hajji a shekarar. Ana cikin wannan jimami kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana a Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Haka nan a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi na bogi a garin Abbottabad na Pakistan tana neman Usama bin Ladan. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Amma ina tsallen ya kai mu? A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa an gurɓata maganin. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta gamsu da maganin da aka samo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta sami sarari. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,100 ta shanye wa ƙafafu a Nijeriya, kuma daga nan ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, cikinsu har da Sudan da Yaman da Indonesiya. A duba sunayen nan da kyau: ƙasashen Musulmi ne. Ko ɗa ɗaya na waɗanda ake zargi da makircin bai gurgunce ba. 'Ya'yanmu ne suke jan gindi a bakin kasuwa da tashar mota. Sannan a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mafi yawansu mata masu neman abin rufin asiri. Wanda ya hau mumbari ya kira su 'yan aiken kafirai, ya shirya amsar da zai bayar a kan jininsu?

Muna da tambayoyi ga waɗannan 'yan'uwa. An ce ɗigon yana hana haihuwa. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 yau su ne iyaye, gidajen suna ba su yanke ba a Miga ko Jahun ko Dutse, to ina rashin haihuwar? Na biyu, Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma shekaru da dama tana ɗiga wa alhazan Nijeriya maganin shan inna a baki idan sun sauka, babba da yaro. Ba mu taɓa jin malamin da ya fasa Hajji saboda haka ba. Ya miƙa kafaɗa an yi masa, ya buɗe baki an ɗiga masa, ya dawo gida ya hana a yi wa ɗan maƙwabcinsa. Na uku, ku dubi damtsen dattawanku za ku ga tambarin lamba. Wannan lamba ce sanadin da Allah Ya kawar da agana da shi daga doron ƙasa, aka yi shelar haka a 1980, cutar da a da take makantar da mutane tana share zuriya. Ko ita ma makirci ce?

Da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin sosai, musamman bayan da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya a 2009, sai al'amari ya sauya, har aka tabbatar a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Darasin a bayyane yake. Abin da ya faru a Asibitin Zana hujja ce ta mu sa ido, mu horar da 'ya'yanmu su zama likitoci da masana magunguna masu iya bincika abin da ake kawo mana. Ba hujja ba ce ta mu bar yara a hannun cuta. Allah Ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kuma saƙon murya da ba a san wanda ya yi shi ba, ana ta tura shi a WhatsApp, ya fi kowane labari bukatar bincike. A 2014, lokacin cutar Ebola, irin wannan saƙo ne ya sa mutane suka tashi da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har wasu suka rasa rayukansu.

NAMU SAKACIN

Littattafan fiƙihun da muke karantar da yaranmu, da babin tsarki suke soma ibada. Yaro ya san ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, ya san ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Sai dai ya kamata malamai su ƙara wa ɗalibai bayani cewa ƙwayar kwalara ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ruwa yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, amma shansa ya kai mutum kabari. Hukuncin alwala daban, hukuncin kare rai daban, kuma kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi kashedi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili, kuma mun yaba wa duk wanda ya yi wannan aiki. Amma shela ba ta tsare masai daga ambaliya, ba ta gyara wanda ya rufta. Kowa ya zagaya bayan kasuwar garinsu da bayan makarantar allo ya gani ko shelar tana nan da ranta.

Mu kanmu da muke wannan rubutu ba mu kuɓuta ba. Masallatai nawa muka gina, muka shimfiɗa musu tayil, muka ɗaura lasifika huɗu, amma babu makewayi mai kyau ko ɗaya, babu sabulu a wurin alwala? Sayyidina Usman (R.A.) rijiyar Ruma ya saya ya yi waƙafinta ga Musulmi. Mai kuɗin da ke zuwa Umra duk shekara, alhali ƙauyensu ana shan ruwa tare da shanu, ya sake lissafi.

Sannan ga masu cin kasuwar annoba. Yaro ya sanƙare, wuyansa ya ƙage, zazzaɓi ya rufe shi, sai a ce iska ce, a kawo turare da laya da rubutun sha, a ɓata kwana biyu, alhali sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana guda. Wannan ɓata aƙida ne kuma ɓata rai ne a lokaci ɗaya. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi zaton sun kamu da sanƙarau a Nijeriya 'yan Jigawa ne. A watan Maris na 2024 aka fara yin sabuwar allura mai tare nau'i biyar na cutar a Jigawa da Bauchi da Yobe, Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita. Wanda aka kawo masa wannan har ƙofar gida ya ɓoye 'ya'yansa a ɗaka, kada ya ce ƙaddara.

Ga kuma taruwa. Wanda kwalara ta kashe, gawarsa da tufafinsa suna ɗauke da cutar, amma sai a yi masa wanka ba kariya, a zubar da ruwan a tsakar gida, hannun da ya yi wankan ya koma ya dama fura, a tara jama'a ana ci ana sha kwana da kwanaki. Gawa ɗaya ta haifi biyar. Alhafiz Ibnu Hajar Al-Asƙalani, wanda shi kansa annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya rubuta littafi sukutum a kan annoba mai suna Bazlul Ma'un. A ciki ya ba da labarin yadda a shekara ta 833 bayan Hijira aka yi shela a Alƙahira mutane suka yi azumin kwana uku, suka fita fili suka taru domin addu'a, a lokacin masu mutuwa a rana ba su kai arba'in ba, amma kafin wata ya ƙare sun haura dubu. Ya kuma bayyana cewa irin wannan taruwa ƙirƙirarriya ce. Addu'a makamin mumini ce, a yi ta dare da rana. Amma ba a taɓa shar'anta mana mu kai kanmu ga halaka da sunan ibada ba.

KIRANMU

Ga gwamnatin jiha a Dutse da majalisar ƙaramar hukumar Miga: ihu bayan hari ya isa haka. Watan ambaliya sananne ne, watannin zafi da sanƙarau ke tashi sanannu ne. A kai sinadarin kulorin da ƙunshin gishiri da sukari da ledojin ƙarin ruwa kowane ɗakin shan magani tun kafin ruwa ya yanke hanya. A gyara famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu, a ɗaga bakin rijiyoyi sama da inda ruwa ke kaiwa, a ƙarfafa jinga, a ci gaba da share kachala. A tabbatar ma'aikaci yana kwana a inda aka tura shi, a kuma biya shi haƙƙinsa. Idan cuta ta ɓulla a faɗi gaskiyar adadi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga malamai da limamai: huɗuba ɗaya a kan tsabtar ruwa kafin damina ta fi ta'aziyya ɗari bayanta. Kada wani ya sake yin fatawa a kan magani alhali bai tambayi masana ba.

Ga 'yan agajinmu: aikinku bai tsaya ga tsare sahu a wurin wa'azi ba. Kowane ɗan agaji ya iya haɗa ruwan ceton rai, ya koya wa gida goma: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba majinyaci tun daga gida, ana ba shi ana tafiya asibiti. Malamai mata su kai wannan karatu makarantun matan aure, domin su ne a kan tulu da tukunya.

Ga masu gida: a tafasa ruwan sha a lokacin ambaliya, a rufe abinci, a wanke hannu da sabulu ko toka, a kai yara rigakafi, kuma kada a ɓoye majinyaci don jin kunya.

Wanda ya yi duk wannan sannan mutuwa ta zo, to ya yi haƙuri ya nemi lada, wannan ita ce ƙaddarar da muka yi imani da ita, kuma muna fatar shahada ga wanda annoba ko ciwon ciki ya ɗauka. Amma shahadar mamaci ba ta wanke wanda ya yi sakaci. Shi yana da tasa tambayar da ke jiransa, ko gwamna ne, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko malami, ko mai gida.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu daga annoba da miyagun cututtuka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanninmu tsoronSa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.